Amsa ga mai neman gidan da mahaifinta ya zauna a Peckham

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ina karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce hoto ɗaya gare ki, yana tsaye a ƙofar gidan haya a unguwar Peckham da ke Landan lokacin yana karatu, sunan layi a bayan hoton, kin je sau biyu kin dawo ba ki gane gidan ba. Ni ma na yi wannan yawon da hoton mahaifina na 1974, kusan shekara biyu.

Kafin komai, kada ki ba kowa ainihin hoton. Kowa fa na ce. Ni wani dattijo mai sayar da tsofaffin katunan hotuna na ba, wai zai haɗa da nasa ya gano mini layin cikin sati ɗaya. Bakinsa kamar zuma. Sati ya zama wata, na kira har na fara jin kunya kamar ni ce mai laifi. Ranar da na bi shi, ana ruwa, bas biyu na hau da yarinya a keken jarirai, ya dube ni ya ce wane hoto? Wallahi ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata, na zauna a dakalin wani shago ina kuka, mutane na wucewa. Baba ne sanye da babbar riga, ya ɗora kwat a kai saboda sanyi, hularsa ta ɗan karkace. Abin da ya rage mini shi ne wanda na ɗauka da waya, hasken ƙwan lantarki ya ci rabin fuskarsa. Shekara guda Inna tana tambayata daga Zariya ina ce mata yana nan a ajiye. Na bar mutumin da Allah, amma ban yafe ba.

To, batun gane gida. Daina kallon ƙofa, ɗaga kanki sama. Yawancin gidajen nan na jere an gina su ne zamanin Sarauniya Victoria, musamman bayan da aka buɗe tashar jirgin Peckham Rye a 1865, kuma ƙasansu ya sha hannu. An canza ƙofofi, an cire tagogin katako an sa na roba, wasu an yaɓe bulon da siminti da tsakuwa. Shingen ƙarfen gaba ma tun yaƙin duniya na biyu aka yanke da yawa, in kin duba katangar za ki ga guntayensa. Bututun hayaƙi kuwa da adon da ke saman taga, ba kasafai ake kashe musu kuɗi ba. Magina kan yi gida biyar ko shida iri ɗaya, wani ya ɗora nasa da ado daban, saboda haka adon kaɗai zai rage miki layin. Namu da tukwanen da ke kan bututun hayaƙin na gane shi, huɗu ne, na ukun gajere.

Gwada idonki a Rye Lane in kin je cefane. Hasumiyar agogon kantin Jones & Higgins tana nan, alhali kantin, wanda ya fara a 1867, ya rufe tun 1980. Shekara nawa ina sayen attarugu a layin nan ban taɓa ɗaga kai ba!

Je ki ma'ajiyar tarihin Southwark, ƙaramar hukumar da Peckham ke ciki, da ke laburaren John Harvard a Borough High Street, ki nemi rajistar masu zaɓe ta shekarun. 'Yan Najeriya suna da damar yin rajista a matsayin 'yan Commonwealth, in Baba ya yi, sunansa da lambar gidan za su fito. Nawa bai yi ba, shi ya sa na wahala. Laburaren ƙasa na Scotland kuma ya sa tsofaffin taswirori kyauta a intanet, kina iya ɗora ta da a kan ta yau.

Amma ki shirya zuciyarki, ta yiwu gidan ba ya nan. An rushe layuka da dama aka gina unguwar gidajen hukuma ta North Peckham Estate, ita ma aka soma rushe ta a shekarun 1990. Burgess Park ɗin da muke kai yara, gidaje ne da masana'antu da hanyar ruwa aka share a hankali. Wata ƙawata, wurin ɗakin mahaifinta ciyawa ce yanzu, can ta tsaya ta yi masa addu'a.

Kuma tambayi Mama tun tana da ƙarfi, wane bas yake hawa, ina yake sallar Juma'a. Ni na yi sake da wannan.

Rufin gidan ya fito a hoton naki? In ya fito, turo mini kwafi ta akwati, Asabar ba na aiki, sai mu taka tare.