Mace za ta iya koyon gyaran babur?

Kin ce kin sayi babur, kina son ki riƙa kula da shi da kanki, amma ana ce miki gyaran inji aikin maza ne.

'Yar'uwa, sifana bai san hannun wa ke riƙe da shi ba. Yawancin aikin kula ne da haƙuri. Inda noti ya ƙi kwancewa, doguwar sifana ce maganinsa, har ga namiji.

Ki fara da abubuwan yau da kullum. Ki duba baƙin mai babur na tsaye daidai, ki auna iskar taya tun ba ta yi zafi ba. Sarƙa kuwa ita ce aka fi sakaci da ita: idan ta yi tauri tana cin haƙoran da take bi, idan ta saki tana iya zamewa. Yawancin babura wasan sarƙa, wato motsinta sama da ƙasa, na santimita 2 zuwa 3 suke so, amma littafin naki babur ɗin shi ne alƙali.

Masu babur 'yan'uwanki su ne makarantarki, sai dai da sharaɗi ɗaya: wanda zai taimaka ya tsaya yana nunawa da baki, ke ki kwance fulogi da hannunki. Wasu da kyakkyawar niyya za su karɓe kayan aikin su gama, ki tashi ba ki koyi komai ba. Birki kam, ko kin gyara, ki sa gwani ya duba kafin ki hau titi.