Kazar yaro ba a yanka ta sai an saya

'Yata, saƙonki ya iso ni lafiya. Ina gaida maigidanki, ki shafa mini kan angona da kishiyata. Na yi dariya da na karanta, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kin ce kun sayo wa yara 'yan tsaki, sun raɗa musu sunaye, kishiyata har goya ɗaya take yi da ɗankwali, zafi ya kashe biyu, sannan da surukarki ta zo kika ce a kama ɗaya a yanka mata, gida ya kaure da kuka. Kina tambaya wai a al'adarmu ana barin kaza ta zama ƙawar yaro har a fasa yanka ta, ko kuwa abin Turawa ne da suke gani a waya.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, in ta ji irin wannan magana cewa take yi sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Wannan kowa ya san shi. Amma ita ba ta tsayawa nan, sai ta ƙara da cewa kazar yaro kuwa ba a yanka ta sai an saya. A gidanmu, duk yaron da aka kai wa Iya yaye ba ya komawa ɗakin uwarsa hannu wofi, da budurwar kaza yake komawa. Ita ce dukiyarsa ta fari. Ta yi ƙwai, ta yi kwanci kwana 21, ta ƙyanƙyashe, a tara a sayar a sayi akuya. Mata da yawa a garinmu tasoshin jerensu daga kaza ɗaya suka faro.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, 1973, ita ce shekarar da fari ya tsananta a ƙasarmu ta Daura. Hunturun da ya gabata annoba ta share kajin unguwa, a gidanmu ba abin da ya rage sai tsohuwar kazata wake-wake da ɗanta, wani jan zakara. Zakaran nan a tafin hannuna ya girma. Ni ke tsakuro masa tsaki in Iya ta gama surfe, ni ke kife tukunya da kara da kashin shanu a bakin shuri in kwaso masa gara da sassafe. In na tafi rijiya yana biye da ni har bakin zaure.

Ana tsakiyar bazara sai ga malamin Baba, wanda ya yi karatun allo a gabansa, ya sauka daga Damagaram, ƙura har gira. Baƙo irin wannan ba a ba shi tuwo gaya. Baba ya shigo cikin gida, ya wuce akurki bai ko kalle shi ba, ya zo ƙofar ɗakin Iya ya tsuguna a gabana. Da yake sunan Iya na ci, Uwata yake ce mini. Ya ce, "Uwata, ciniki na zo yi. Malamina ya zo, ba ni da abin da zan fita kunyarsa sai zakaranki." Na rungume zakaran na fashe da kuka. Inna ta taso za ta karɓe shi, Iya ta ɗaga mata hannu ta ce, "Ku bar ta. Ba a ciniki da mai kuka." Baba ya tashi ya koma zaure. Tun azahar ba wanda ya sake yi mini maganar. Ina zaune ƙarƙashin rumbu, zakaran na haki a cinyata, ina jin Inna na jan ruwa za ta kai wa baƙo, ina jin tarin tsohon daga zaure. Iya na kaɗi kusa da ni ba ta ce uffan ba, sai can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da ƙafa ya yi rabin hanyar nan." Bayan la'asar na miƙe da kaina na kai wa Baba na ce na sayar. Ya ƙirga mini sababbin sulalla masu ƙyalli a hannu, Iya ta aike ni maƙwabta karɓo daddawar da ba ta buƙata, aka wasa wuƙa a bayan gida inda sauran dabbobi ba sa gani. Da dare malam ya ji labari ya sa aka kira ni, ya sa mini albarka, ya gaya wa Baba cewa ƙanen Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, da ya mutu Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da kansa ya tambayi yaron labarin tsuntsunsa. Ban ci naman ba, kuma ba wanda ya tilasta mini. Ranar kasuwa Iya ta raka ni na zaɓi 'yan matan kaji biyu da kuɗina.

To ke kin tambayi angona kafin ki ce a kama? Abin da ke ba ni takaici da ku 'yan yanzu ke nan. Kuna saya wa yaro abu mai rai ku ce nasa ne, ranar da buƙata ta taso kuma ya zama naku.

Mutuwar biyun nan ma ta fi damuna. Na san gidanki, tsakar gida duk siminti, ba ko bishiya ɗaya, na kuma tabbata kejin nasu rufin kwano ne. A Kano watan Afrilu zafi na haura digiri 40, kaza kuwa ba ta gumi. In kin ga ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, neman ceto take yi. A wannan lokacin in yaro ya ƙanƙame ta a ƙirji ko ya goya ta, ƙara mata wuta yake yi. Ki hana ɗauka daga hantsi har la'asar sakaliya. Iya kasko take binnewa rabi a ƙasa a inuwar rumbu, ta cika shi daga randa safe da rana da yamma, ta jefa tsakuwa ciki don kada 'yan tsaki su nutse. Takan ce albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, kada wanda ya kore shi. Ku kuwa robar ruwa kuke ajiyewa a rana har ta yi zafin shayi. Ki sa a shimfiɗa zana ko buhu a kan kwanon, a yayyafa ruwa a ƙasa, a zuba musu yashi da toka a lungu ɗaya su yi birgima, shi ke kashe musu ƙuma. Abinci da sassafe da yamma lis, ban da tsakar rana. Ki dasa darbejiya ko zogale tun bana.

In kuma fararen nan ne na gidan gona da ake kira buroila, ba kajin yara ba ne. Don nama aka yi su, cikin wata biyu sun yi nauyin da ƙafarsu ke gazawa, su ne zafi ke fara kayarwa. Ki nemo kajin Hausa, ko fingi, ko masu wuya ba gashi, sun fi jure rana, kuma suna kwanci da kansu yaro ya ga yadda uwa ke tare 'ya'yanta in shirwa ta gilma. Sabon da kike so ba ya zuwa da runguma. Yaro ya tsuguna wuri ɗaya kullum, ya yi kira iri ɗaya, tsaki a hannu, kada ya bi su da gudu. Su za su zo.

Sumbata da kwana ɗaki ɗaya kam ban yarda ba. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna a 2006 na daina wasa da wannan. Su wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka taɓa su, in ɗaya ta yi laushi a ware ta, yara su nisance ta. Kafin hunturu ki nemi likitan dabbobi ya yi musu rigakafin annobar da ta share mana unguwa, akwai wanda cibiyar Vom ta jihar Filato ke haɗawa, a ido ake ɗiga shi ko a ruwan sha. Mu sassaƙen maɗaci da barkono muke jiƙa musu, bai hana su mutuwa ba.

Ita surukar taki ki saya mata a kasuwa ki soya ki aika mata da haƙuri. Ina da wata wake-wake da ta fara ƙwai, in kin gyara inuwar ki sanar da ni in ba direban garinmu ya kawo wa kishiyata, amma ki gaya mata da bakinki cewa tata ce, ruwa da tsaki kuma a wuyanta suke.

Goggonki.