Saura mako biyar in koma gida, amma na kasa faɗa wa ɗalibaina

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki?

Ni malama ce, shekarata huɗu ina koyarwa a wata makarantar firamare a ƙasar waje. Kwantiragina zai ƙare nan da mako biyar, tikiti ma na riga na yanka. Babu wanda ya kore ni, ni na zaɓi tafiya. Hasali ma sau biyu shugabar makarantar tana tambayata ko zan ƙara shekara. Mahaifiyata kullum muka yi waya sai ta ce saura kwana kaza, in yi mata dariya, ina ajiye waya in zabga tagumi.

Yau kwana goma akwatunana biyu suna buɗe a tsakar ɗaki, in saka kaya in cire. Kuma har yanzu 'yan ajina ba su sani ba. Akwai wata yarinya 'yar shekara takwas, da aka kawo ta ajina ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi, yanzu ita ke riga kowa ɗaga hannu. Shekaranjiya ta kawo min zane, ni da ita a gaban allo, ta ce baɗi ma a ajina za ta zauna. Na ce mata madalla, na shige ɗakin malamai na sha kuka. Shawarar da na yanke ita ce in yi shiru sai ranar ƙarshe, ko in bar wa malamar da za ta gaje ni ta gaya musu. Abokan aiki sun so shirya min liyafar bankwana, na ce ba ni da lokaci.

Anti, a shekarar farko kukan kewar gida nake yi, yanzu ga gidan ya zo amma ba na murna. Butulci ne, ko kuskure na tafka?

Malama mai haɗa kaya

Wa alaikumus salam 'yata.

Ba butulci ba ne, kuma ban ga alamar kuskure a wasiƙarki ba. Wanda ya shekara huɗu a wuri, ya san motar da zai hau, ya san maƙwabcin da ke gaishe shi da wanda ba ya gaisuwa, in ya tashi tafiya bai ji komai ba, shi ne abin tuhuma. Sabo ake wa kuka. Kewar can da ɗokin ganin Mama duk suna iya zama a zuciya ɗaya, ba sai ɗaya ta kori ɗaya ba.

Inda zan ja miki kunne shi ne maganar yaran. Wannan shirun da kike cewa don su kike yi, don kanki kike yi, saboda ba kya son ganin fuskar yarinyar nan lokacin da za ta ji. Na fahimta, amma ki duba ta ɓangarenta. Yarinyar da ta sha wuya kafin ta amince da babba har ta buɗe baki, in ta wayi gari ta tarar da baƙuwar fuska a gaban allo, abin da za ta ɗauka shi ne manya ɓacewa suke yi ba sallama. Yara masu shekarunta kuma sun iya ɗora wa kansu laifi, sai ta fara tunanin ko wani abu ta yi miki. Ga shi ta ce miki baɗi, kin ce madalla. Wannan bashi ne a kanki, ki biya shi a makon nan.

Ki fara da shugabar makaranta, ku daidaita ranar da za a sanar da iyaye, don kada yaro ya kai labarin gida a hargitse. Ita yarinyar ki ja ta gefe kafin sauran aji su ji, ki tsuguna daidai tsayinta, ki ce kin ji daɗin zanenta, amma akwai abin da ya kamata ki gaya mata tun ranar. Ki faɗi ranar tafiyar ƙarara, ki ce mahaifiyarki ce ke jiranki, yaro ya san wannan dalilin. In ta yi kuka ki bar ta, in naki hawayen ya zubo ba abin kunya ba ne. Abu ɗaya na hana ki: kada ki ce za ki dawo, ko za ki riƙa kiranta kullum, don kawai ta yi shiru. In za ku yi zumunci, ya bi ta hannun makaranta ko iyayenta. Sannan ki rubuta wa malamar da za ta gaje ki shafi guda a kan kowane yaron da ke buƙatar kulawa: wanda ba ya ganin allo daga baya, wanda ba a yi masa tsawa, wadda sai an ba ta lokaci kafin ta amsa.

Liyafa kuwa, ki koma ki ce kin amince. Ba taki ba ce ke kaɗai, su ma rabuwa suke yi.

Yanzu takardu, don mai kuka yakan manta da su. Ki karɓi takardar shaidar aiki mai hatimin makaranta, da ranar farawa da ta gamawa da darussan da kika koyar, tun kina iya tsayawa a ƙofar ofis. Daga nesa, imel goma ba lallai ya samo miki ita ba. Ki nemi takardar 'yan sanda ta rashin laifi, makarantu da yawa suna tambayarta ga wanda zai yi aiki da yara. Ki bincika ko takardun suna buƙatar tambarin afostil na yarjejeniyar Hague ta 1961, wato hatimin da ke sa wata ƙasa ta amince cewa takardar ta gaskiya ce, ko kuwa sai ofishin jakadanci ya tantance su, domin ba kowace ƙasa ce ta shiga yarjejeniyar ba. Ba ki faɗi ƙasar da kike ba, to ki tambayi batun kuɗin fansho da ake cira a albashinki, dokokin sun sha bamban. A Japan, baƙo yana da shekara 2 bayan barin ƙasar ya nemi a biya shi a dunƙule, in ta wuce shi ke nan. A Jamus kuwa sai an jira wata 24 kafin wanda ya cancanta ya nema. Kada ki rufe asusun banki ko ki yar da layin wayarki sai albashin ƙarshe da kuɗin ajiyar haya sun shigo, tunda lambar sirrin banki ta layin take zuwa. Akwati kuma yawancin jirage kilo 23 ne kowane. Ki sa rana ɗaya, ki kira ƙawa ta zauna a bakin gado tana ce miki wannan bar shi. Kin san kaya ba su ne suka hana akwatin rufuwa ba.

Sai abin da ke jiranki a gida. Tun 1963 wasu masana biyu a Amurka, John da Jeanne Gullahorn, suka rubuta cewa wanda ya zauna a waje yakan shiga tangal-tangal sau biyu, ɗaya in ya je, ɗaya in ya dawo. Na biyun yakan zo ba shiri, saboda kowa ya ɗauka gida ba ya buƙatar sabo. Makon farko za a yi ta zuwa yi miki sannu da zuwa. Daga nan za ki ɗauko labarin ajinki, ki ga mai sauraro ya leƙa wayarsa. Kada ki ji haushi, su ma sun yi tasu shekara huɗun ba ke, ki tambaye su nasu labarin. In wata rana kewar can ta taso miki a ɗakin Mama, ba hujja ba ce ta cewa kin yi kuskure. Ki ba kanki watanni kafin ki yanke hukunci, in kuma abin ya kai ga hana barci da cin abinci, ki ga likita.

Maman ma ki rage yi mata dariyar dole. Ki ce mata kina ɗokin ganinta, kuma rabuwa da yaran tana yi miki ciwo. Ita da ta raka ki tafiya shekara huɗu da suka wuce ba baƙuwar wannan ba ce.

Ki rubuto min bayan kin yi magana da yarinyar, ina son jin abin da ta ce.

Antinki