Tambaya da Amsa: Zan iya ba kare maganin barci kafin doguwar tafiya?

Tambaya: Likita, barka da aiki. A Birmingham ta Birtaniya muke zaune, kuma a hutun watan Agusta za mu kai yara St Ives, bakin teku a Cornwall. Mun samu masaukin da ke karɓar kare. Damuwata karen yaran ne, ɗan guntu mai gajeren hanci, irin French bulldog. Da ya shiga mota sai haki da dalalar miyau, daga nan sai amai. A zaurenmu na WhatsApp wata ta ce in ba shi cokali ɗaya na Night Nurse, maganin muran nan mai sa barci, ya yi ta barci har mu isa. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: 'Yar uwa, gara da hankalin naki bai kwanta ba. Kada ki ba shi, ko ɗigo.

Wannan shawarar ta ishe ni. Kusan kullum sai na ji ta, yau maganin mura, gobe ƙwayar barcin da aka rubuta wa kaka, jibi ibuprofen "rabi kawai". Wadda ta ba ki shawarar ta taɓa ɗora karenki a kan sikeli? Ta san abin da ke cikin kwalbar? Night Nurse na ɗauke da farasitamol, wanda idan ya zarce ƙima yake lalata hantar kare, kuma cokalin babban mutum ya yi wa kare mai kilo 12 yawa. Shi kuwa ibuprofen gyambon ciki yake haddasawa, ya taɓa ƙoda.

Mu ma ɗauka bai taɓa hantar ba. Babban haɗarin yana cikin barcin da ake nema. Kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Naki kuma hanyar numfashinsa a matse take tun haihuwa, shi ya sa kike jin minsharinsa daga falo. Ki sa masa maganin da zai saki naman maƙogwaronsa, ki kwantar da shi a bayan mota a watan Agusta, ku maƙale a cunkoson babbar hanyar M5 ko A30 da rana tsaka. Ba zai yi kuka ba, ba zai tashi ya nemi iska ba. Ku a gaba kuna murna ya yi shiru, alhali shirun ne ya hana ku sanin halin da yake ciki. Ko mu likitocin dabbobi mun ja baya da amfani da acepromazine, maganin kwantar da dabba, don tafiya, domin yana sauke hawan jini, yana dagula yadda jiki ke daidaita zafi, tsoron kuma yana nan daram, motsi kawai ya hana. To ina ga maganin da aka haɗa don ɗan Adam?

Maganin amai na karnuka yana nan, sunansa maropitant, ana sayar da shi da sunan Cerenia, kuma ba ya sa barci. Likitanku ne zai auna karen ya rubuta. Ki je tun yanzu, ki gwada a gajeruwar tafiya kafin ranar. Abinci mai nauyi a bar shi sai an isa, ruwa kuwa a duk inda kuka tsaya. Ku yi sammako. Doka ta 57 ta ƙa'idojin hanya a Birtaniya ta ce a ɗaure kare ko a sa shi a keji a cikin mota.

Kada a bar shi a mota don "minti biyar", ko an sauke gilashi. Ƙungiyar RSPCA mai kula da jin daɗin dabbobi ta ce idan waje yana digiri 22, cikin mota zai iya kai 47 a cikin awa ɗaya. Idan kika ga harshensa ya yi jajir ko ya soma shuɗi, yana tangaɗi, ki kwarara masa ruwan sanyi nan take, ki kunna iska, sannan ku nufi asibiti. Kada ki lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, riƙe zafin yake yi.

Masauki ya karɓi kare ba ya nufin rairayin bakin teku ma ya karɓa. A Cornwall, wurare da dama sun hana karnuka daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma a Yuli da Agusta, wasu ma tun 15 ga Mayu har 30 ga Satumba. A St Ives, ɗan ƙaramin rairayin Bamaluz a buɗe yake gare su duk shekara. Ki riƙe gorar ruwa, don idan ƙishirwa ta sa ya sha na teku, zawo ne zai biyo baya. Irin nasa kuma ba gwanayen iyo ba ne, kai ya yi nauyi, ƙafa ta yi gajarta.

Idan kun bi hanyoyin ƙafa da ke ratsa gonaki, igiya a wuyansa muddin akwai tumaki a kusa. Amma idan shanu suka taso muku, ki saki igiyar ya tsere da kansa, ke ki ja yara ku fita daga shingen.