Buga, boko da shehu: amsoshi kan sarar Amurkawa ta zamanin jaz

Wasiƙu huɗu suka taru a gabana wannan makon, kuma duk a inuwa ɗaya suka sauka: kalmomin da Amurkawa suka yi yayi a shekarun 1920, lokacin da su kansu suke kira zamanin jaz, da sunan wani salon kiɗa. Zan fara da wadda ta fi ɗaukar hankalina.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: "Malam, na karanta cewa sunan kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka, *boogie-woogie*, daga kalmarmu ta *buga* ya fito. In gaskiya ne, me ya sa ba a koya mana a aji?"

Ɗana, maganar da ka karanta tana da mai ita. David Dalby, wani Bature ɗan Ingila masanin harsunan Afirka, shi ya yaɗa ta, a wani rubutu da ya yi a jaridar Times ta Landan a 1969, sannan ya faɗaɗa shi a 1972. Ya jero kalmomin Ingilishin Amurka da yake ganin bayi ne suka tsallaka teku da su: *hip* da *dig* da *jive* ya kai su harshen Wolof na Senegal, *boogie* kuma ya haɗa ta da *buga* ta Hausa da wata mai kama da ita a Mandinko. Ina girmama niyyarsa, domin a zamaninsa masu ƙamus sukan yi kamar miliyoyin 'yan Afirka sun isa Amurka babu harshe a bakinsu. Tun kafin shi, Lorenzo Dow Turner, baƙar fata Ba'amurke, ya fitar da littafi a 1949 kan maganar mutanen Gulla na gaɓar Karolina ta Kudu da Jojiya, ya tattara kalmomin Afirka kusan 4,000, yawancinsu sunayen mutane. Akwai ma waɗanda babu gardama a kansu. *Goober*, wato gyaɗa, daga *nguba* ta mutanen Kongo take. *Gumbo*, miyar da ake yi da kuɓewa, daga harsunan Bantu take.

Sai dai *buga* ba ta cikin wannan sahu, ga kuma dalilina.

*Boogie-woogie* salon kiɗan fiyano ne. Hannun hagu yana maimaita amo guda mai nauyi kamar tafiyar jirgin ƙasa, hannun dama yana yawo a sama. A ƙarshen 1928 wani makaɗi da ake kira Pinetop Smith ya ɗauki faifai a Shikago mai ɗauke da wannan suna, daga nan ya bazu. A bakin baƙaƙen fata na wancan lokaci *boogie* tana nufin wani irin taro da talakawa ke yi in kuɗin haya ya gagara: a kira mai fiyano, a dafa abinci, duk mai shiga ya biya a bakin ƙofa, da safe a sallami mai gida. Bahaushe zai gane wannan nan take, ajo ke nan.

To ta wace hanya *buga* za ta isa wannan ɗaki? Hausawan da aka sayar zuwa ƙetaren teku sun fi yawa ne bayan 1804, da yaƙe-yaƙen jihadi suka kankama, kuma mafi yawansu Bahiya ta ƙasar Birazil aka kai su. Can suka bar tarihi, a yunƙurin tawaye na 1807 da babban boren Musulmi na 1835. Ita kuwa Amurka ta haramta shigo da bayi daga 1808, kuma waɗanda aka kai ta tun farko sun fi fitowa daga yankin Senegal da Gambiya, da gaɓar Gana ta yau, da ƙasar Ibo, da Kongo da Angola. Ka ga ke nan ana so mu yarda cewa 'yan tsirarun Hausawa sun ajiye kalma, ta yi shekara fiye da 100 babu wanda ya rubuta ta da ma'anarta ta Hausa, sannan ta farka a Shikago a kan fiyano.

Akwai kuma abin da kunnen Bahaushe ne kaɗai zai kama. Ka je gidan biki ka tsaya kusa da mai kalangu. Mace ta fito fili, ta ɗaga hannu, me take cewa? "A kaɗa mini takena." Wanda ke riƙe da kalangun makaɗi ne, abin da yake yi kiɗa ne. Mabugi wani mutum ne dabam, shi ne ke zaune a mabuga yana dukan shadda ko rini har ya yi ƙyalli. Muna cewa buga ganga, gaskiya ne, amma muna buga ƙwallo, mu buga waya, mu buga littafi, boka ya buga ƙasa. Da wani makaɗin Bahaushe zai bar wa jikokinsa kalma guda ta sana'arsa, *kiɗa* zai bari.

Na san wannan amsa ba za ta yi maka daɗi ba, ni ma na so a ce gaskiya ce. Amma magabata sun riga sun yanke hukunci: kama da wane ba wane ba ne. Kalmomi masu gaɓa biyu suna cin karo da juna a harsunan duniya kullum, ba tare da sun haɗa kaka ba. Malamanka ba su ɓoye maka komai ba.

Wata malamar makaranta daga Damagaram ta ce: "Shin *bogus* ta Ingilishi ita ce *boko* tamu? Kuma *boko* ɗin ba daga *book* ta zo ba?"

Malama, tambayarki biyu ce a ƙunshi ɗaya, bari in kwance ta baya tukuna. *Boko* ba daga *book* take ba. Malam Liman Muhammad ya faɗi haka tun 1968, Paul Newman, masanin harshen Hausa, kuma ya sake tabbatarwa a 2013. Hujja ɗaya mai sauƙi: da Bahaushe ya ari *cook*, *kuku* ya ce. Da *book* ya ara, *buku* za mu ji. *Boko* tsohuwar kalma ce ta gida mai nufin yaudara, ko abin da ya yi kama da na gaske alhali ba shi ba ne. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta da wannan ma'ana. Kin san amaryar boko, wadda ake lulluɓewa a fito da ita da guɗa jama'a su bi ta, alhali ta gasken an zagaya da ita ta wata hanya. Kin kuma san biri-boko. Da Turawa suka zo da karatunsu, iyayenmu suka auna shi da na allo, suka kira shi da sunan da suke ganin ya dace da shi.

Ita kuwa *bogus*, mai nufin jabu, ta girmi zamanin jaz nesa. A 1827 wata jarida a jihar Ohayo ta yi amfani da ita a matsayin sunan na'urar buga kuɗin jabu. Dalby ya haɗa ta da *boko*, ma'anar ma ta yi kusa ƙwarai, amma matsalar hanya da na faɗa wa ɗalibin Zariya tana nan daram. Abin da na fi amincewa da shi shi ne tafiyar da ta juyo ta wannan gefe: *bogi* da muke cewa yau, takardar bogi, likitan bogi, a ganina *bogus* ce Bahaushe ya yanke wa wutsiya.

Matasan 1920 su kam in suna son su ce magana shirme ce, wasu kalmomin suke jefawa: *baloney*, sunan wani irin niƙaƙƙen nama da ake curawa, *applesauce*, wato faten tuffa, *horsefeathers*, gashin tsuntsu a jikin doki. Mu ma da kayan abinci mukan yi irin wannan hukunci, in muka ce magana ba ta da gishiri, ko muka ce soki-burutsu ce da holoƙo.

Wani mai fassara daga Kano ya ce: "Ina fassara wani labari na wancan zamani, na ci karo da *the bee's knees* da *the cat's pajamas*. Yaya zan yi da su? Kuma mene ne sunan irin wannan magana da Hausa?"

Sunanta sara. Ka bambanta ta da karin magana, wadda kaka da jika suke tarayya a cikinta, da kuma zaurance, wanda ake karya kalma da gangan don kada na gefe ya gane. Sara ta matasa ce, ta wani lokaci ce, kuma daɗinta shi ne dattijo ya ji ya yamutsa fuska.

Kada ka kuskura ka rubuta "gwiwar ƙudan zuma" ko "rigar barcin kyanwa". Mai karatu zai tsaya neman hikimar da ke ciki, alhali babu. Wasa ne kawai da aka yi yayi a farkon shekarun 1920, a ɗauki dabba a liƙa mata wata gaɓa ko sutura, har da ƙugun maciji da idon sawun kifi, duk ma'anarsu guda: abin ya kai matuƙa wajen kyau. Abin da za ka nema shi ne maganar da saurayin Kano zai yi in ya ga sabuwar mota: ta haɗu, ƙarshe ce, duniya ce. Waɗannan ma in ka tsaya tona su ba za ka sami komai a ƙasa ba, kuma nan da shekara 20 jikokinmu za su yi musu dariya. Wannan ne ya sa suka dace.

Wani kaso na sarar zamanin kuwa yana da tushe mai nauyi, shi ne dokar hana giya. Daga Janairun 1920 zuwa Disamban 1933 haramun ne a sarrafa barasa ko a sayar da ita a duk faɗin Amurka. Mashaya ta koma bayan ƙofa, ana kiranta *speakeasy*, wato yi magana ƙasa-ƙasa. Mai fasa-ƙwaurinta shi ne *bootlegger*, daga dabarar ɓoye kwalba a cikin dogon takalmi. Barasar da aka dafa a ɓoye *hooch* ce, sunan da ya samo asali daga wata al'ummar 'yan asalin Alaska. Waɗannan kalmomi uku duk sun girmi dokar, amma ita ta fito da su kasuwa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A irin waɗannan wurare ne makaɗan jaz suka sami abinci, kuma da zafi nake faɗar cewa a gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem ta birnin New York, inda shahararren makaɗi Duke Ellington ya kama aiki a 1927, baƙaƙe ne a kan dandamali, farare ne a kan kujeru. Maganar makaɗan ta bi 'yan kallo gida, aka yi ado da ita, masu ita kuwa ba su da izinin zama a teburin.

Abu guda nake yi musu kishi a kai. A 1938 mawaƙi Cab Calloway ya zauna ya rubuta ɗan ƙamus na sarar makaɗan Harlem, shi ya sa yau ake iya sanin me suke nufi. Mu fa? Sarar 'yan kamasho ta tashar mota, da ta 'yan acaɓa, da ta 'yan makarantun kwana na shekarun 1970, yawancinta ta tafi da masu ita. Kai da kake aikin fassara, ka ajiye littafi a aljihu, duk wadda ka ji ka rubuta ta da wuri da shekara.

Af, za ka kuma haɗu da *flapper*, budurwar da ta rage gashi, ta rage tsawon riga, take rawa a fili. "'Yar gayu" za ta ɗauke ta. *Gaye* ɗin ma ai daga *guy* muka aro shi.

Wani dattijo daga Zangon Kumasi ya ce: "Jikana ya ce a da Amurkawa suna kiran saurayi mai farin jini *sheik*. Shehu fa ke nan?"

Baba, jikanka bai yi ƙarya ba, kuma a nan dangantakar ta gaske ce. Kalmar Larabci ce, *shaikh*, dattijo ko shugaba, ita ce ta ba mu Shehu da Shaihi. A 1921 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna *The Sheik*, inda Rudolph Valentino, ɗan asalin Italiya, ya fito a matsayin basaraken hamada mai sace zuciyar mata. Fim ɗin ya karɓu sosai, sai duk saurayin da ya shafe gashinsa da mai ya kwantar da shi baya ya zama *sheik*, budurwarsa kuma *sheba*, daga sunan sarauniyar Saba, wadda muke kira Bilkisu. Kalmar da mu muka ajiye wa Ɗan Fodiyo da sarautar Borno da manyan malaman ɗariƙa, su sun ba wa yaro ɗan shekara 20 mai tsayawa a bakin gidan rawa. Valentino ya rasu a 1926 yana da shekara 31, sarar kuma ba ta daɗe sosai a bayansa ba.