Amsa ga ɗalibina kan saƙon da ya tafi sau uku

Ɗana, na karanta takardar da ka bari a kan teburina jiya bayan la'asar. Ka ce manhajar da ka rubuta wa makarantar nan ta wajen Ƙofar Ƙaura, wadda ke tura wa iyaye saƙon waya idan an biya kuɗin zango, tana yin abubuwa biyu da suka ɗaure maka kai: wani lokaci ta tsaya cik, ba ta ci gaba ba kuma ba ta ce ta kasa ba, sannan da ka sa ta riƙa maimaita aike sai wani uba ya samu saƙo guda har sau uku. Ka kuma tambaya ko laifin laburaren Requests ne, wato shiryayyen kayan aikin da manhajarka ke tura buƙata ta intanet da shi, ka sauya shi da wani.

Kada ka sauya shi. Wannan laburare na harshen Python, wanda Kenneth Reitz ya fara fitarwa a 2011, abin da ka umarce shi yake yi, kuma matsalarka tana cikin abin da ba ka gaya masa ba. Idan ka rubuta requests.post ba tare da ka sa timeout ba, ba shi da wani wa'adi nasa na kansa, don haka zai zauna jiran amsa kamar baƙon da ya yi sallama a zaure, ba a amsa masa ba, ya kuma rantse ba zai tashi ba. A nan Katsina, inda sabis yakan ɗauke da zarar hadari ya taso, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Ka riƙa rubuta timeout=(5, 20) a kowace buƙata: lamba ta farko daƙiƙoƙin da za a jira a ƙulla haɗi da saba ne, wato kwamfutar kamfanin tura saƙo da ke amsa buƙatarka, ta biyu kuma tsawon shirun da za a jure bayan an haɗu. Ka lura cewa ta biyun ba jimillar lokacin aikin ba ce, domin saba mai ɗiga bayanai kaɗan-kaɗan tana iya wuce daƙiƙa 20 ba tare da wa'adin ya cika ba.

Isowar amsa kuma ba ita ce biyan buƙata ba. Requests ba ya yin ƙorafi idan saba ta ce 404 ko 500, miƙo maka amsar kawai zai yi, sai in ka kira raise_for_status ko ka duba status_code da kanka. Lambobin gidan 200 na nufin an karɓa, na gidan 400 na nufin gyaran yana wajenka, kamar 401 idan mabuɗin shigarka bai yi daidai ba, na gidan 500 kuwa can wajensu abin ya lalace. Maimaita buƙatar da ta dawo da 401 ɓata data ne kawai. Ita kuwa 429 ce maka ake yi ka cika naci, kuma sau da yawa sukan haɗo da Retry-After mai faɗin lokacin da za ka dakata. Na kuma ga kana kiran json, wanda ke karanta amsar da ta zo a tsarin bayanai na JSON kaɗai, kai tsaye a kan kowace amsa, alhali sabar da ta faɗi da 502 yawanci shafin HTML take dawowa da shi, a nan ne manhajarka za ta fashe da kuskuren da bai nuna ainihin ciwon ba.

Yanzu ga maganar saƙo uku, wadda ita ce ta fi damuna. Ka ɗauka ka ba wani yaro kuɗi ya kai Daura, ka ce ya kira ka idan ya miƙa, sai wayarsa ta mutu a hanya. Shirun da ka ji bai gaya maka ko kuɗin sun isa ba, kuma idan ka sake tura wani yaro da wasu kuɗin, mai karɓa yana iya cin biyu. Haka ya faru da kai: buƙatarka ta isa, kamfanin tura saƙon ya yi aikinsa, amsarsa ce ta maƙale a hanyar dawowa, kai kuma ka ɗauki shirun a matsayin gazawa. Shi ya sa laburaren ya bambanta ConnectTimeout, inda ba a ma ƙulla haɗin ba, don haka maimaitawa ba ta da illa, da ReadTimeout, inda ba ka da tabbacin komai. Buƙatar GET tambaya ce kawai, ko sau goma ka yi ta ba abin da zai sauya, amma POST aiki take sawa a yi. Ni ma a farkon sana'ata na taɓa loda wa abokan cinikin wani mai sayar da kati kuɗin waya sau biyu ta wannan hanyar, kuma daga aljihuna na cike giɓin.

Abin da za ka yi shi ne ka ba kowane saƙo lambar shaida tasa shi kaɗai, ka ajiye ta a rumbun bayananka kafin ka tura. Idan kamfanin yana karɓar irin wannan lamba don ya gane buƙatar da aka maimaita, ka haɗa masa da ita, in kuwa ba ya karɓa, to bayan kowane ReadTimeout ka fara tambayarsa ta GET ko saƙon ya fita kafin ka sake aikawa. Inda maimaitawa ta halatta, ka dakata daƙiƙa 1, sannan 2, sannan 4, daga nan ka haƙura ka rubuta abin da ya faru a fayil ɗin rahoto.

Na kuma hango verify=False a layinka na ƙarshe, wanda ke hana laburaren duba takardar shaidar saba. Ka goge shi yau, domin da shi kowa na iya shiga tsakaninka da saba ya karanta mabuɗinka. Kuskuren takardar shaida da ya sa ka rubuta shi, ina zargin agogon tsohuwar kwamfutar shago ne, wadda batirin cikinta ya mutu tun bara, take komawa tsohon kwanan wata duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Ranar Asabar ka zo da gyaran da hantsi. Za mu tura saƙon gwaji zuwa wayata, ni kuma in zare wayar intanet ana tsakar aike, mu ga sau nawa zai shigo.