Tambayoyin Masu Karatu: Ina Za Mu Kai Kuɗin Taimakon Masu Juna Biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar mata 'yan adashi a Aboabo, nan Kumasi. Bara mun rasa ɗaya daga cikinmu wajen haihuwa, jini ya ɓalle mata cikin dare. Tun daga lokacin muke ware wani abu daga kowane zubi domin taimakon masu juna biyu da jarirai. Wasunmu na cewa mu sayi sabulu da zannuwa mu kai asibiti, wasu kuma na cewa mu miƙa kuɗin ga wata ƙungiyar agaji. Wanne ya fi? Kuma ya halatta mu haɗa da zakkarmu? Daga wata Hajiya, Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya jiƙan 'yar'uwarku, Ya karɓi shahadarta, Ya raya abin da ta bari.

Sabulu da zani alheri ne, amma rashinsu ba ya kashe mai jego. Abin da ya fi ɗauke mata wajen haihuwa shi ne zubar jini da hawan jini mai kai ga jijjiga, kuma duka biyun ana shawo kansu idan mace ta isa hannun ungozomar asibiti da wuri. Tun shekarar 2008 Ghana ta sanya awon ciki da haihuwa kyauta ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, kuma mai ciki ba ta biyan kuɗin shiga. Sai dai katin ba ya biyan kuɗin tasi da ƙarfe biyun dare, ba ya ciyar da mai jinya, kuma wani lokaci akan rubuta magani ko gwaji a ce a nemo a waje. A wannan giɓin ne matar talaka take zama a gida tana jira gari ya waye, kuma a nan nake ganin kuɗinku zai fi amfani.

Shawarata ita ce ku ajiye kaso mafi tsoka a asusun gaggawa na waya, a hannun mata biyu amintattu, ku kuma yi yarjejeniya da direbobi biyu ko uku na unguwa waɗanda za su fito duk lokacin da aka kira su, a biya su daga baya. Ku tabbatar kowace mai ciki a layinku tana da kati mai aiki da littafin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa awo sau 8, domin a wurin awon ne ake gano hawan jini da ƙarancin jini kafin su yi ɓarna, a kuma ba da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

Sai batun jini, wanda rasuwar 'yar'uwarku ta sa ba zan tsallake shi ba. Jini ba a ƙera shi, daga jikin mutum yake fitowa, kuma asibitin koyarwa na Komfo Anokye, inda ake tura masu naƙuda mai tsanani daga sassan yankin Ashanti, kullum yana bukatarsa. Ku roƙi limamanku su yi kira ga samari bayan sallar Juma'a su je su ba da jini. Kuɗin motarsu da abin shansu kaɗan ne cikin abin da kuka tara.

Idan kun fi son ba wa ƙungiya, ku nemi ganin takardar rajistarta, ku tambayi wane asibiti take aiki da shi, sannan ku je da kanku ku ji daga bakin babbar ungozomar wurin.

Game da zakka kuwa, aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade rukunin mutane 8 da ake ba wa, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa mallaka wa mabuƙaci ake yi. Saboda haka ana iya ba mai ciki matalauciya zakka a hannunta ta yi jinya da ita, amma gadon asibiti ko gyaran ɗakin haihuwa daga kuɗin sadaka za su fito. Ku raba littafin lissafin gida biyu, ku nuna wa malamin unguwarku kafin ku fara rabo.